A Auna Suna Kafin a Yanka Masa Wuri: Boko, Ajami da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, har ya fara shiga kunnuwan ɗaliban harshe, wai ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ado ce kawai, kuma wai na'ura ta fi samun sauƙi idan aka sauke ta. Hujjarsu ita ce Bahaushe yana iya rarrabe "kasa" da "ƙasa" da zarar ya dubi jimla. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wanda aka rubuta masa "ya shiga fada" ba shi da hanyar sanin ko gaban sarki mutumin ya tafi ko dambe ya kaure da shi, sai an sa ƙugiya ko an hana ta da gangan. Sunan mutum kuwa ba ya ma zuwa da jimlar da za a duba. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, yawancin ɓarnar da ake ɗora wa haruffanmu ba daga gare su take ba. Daga wanda ya yanka wa kalma wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta tun bai auna ta ba take. Kuma ɗalibin Hausa yana da haƙƙi, yana da aiki, a cikin wannan magana, ko da bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba.

Na zaɓi in gwada wannan batu da Hausawan Sudan, domin babu inda Hausa ta haɗu da nauyin rubutu iri-iri kamar can. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da jama'a, Fulani da Hausawa, har suka zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi, kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ba su kaɗai ba ne. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutane a Sudan, wasu don su yi aikin da za su tara guzuri, wasu kuma zaman ya zarce har 'ya'ya da jikoki. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai ƙauyuka da zangunan ma'aikata suka cika da mutanen yamma. Mark Duffield ya yi littafi a kan Mai Wurno a 1981, C. Bawa Yamba ya yi nasa a kan waɗannan mahajjata mazauna a 1995, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum kuma ya fitar da nazarinsa a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci a 1999. Yaron da ya tashi a irin waɗannan ƙauyuka yana jin Hausa a gida, yana karatun gwamnati da Larabci, yana zuwa makarantar allo da ake kira halwa a can. Takardunsa na hukuma da harafin Larabci suke, kuma suna huɗu ake rubutawa: nasa, da na uba, da na kaka, da na uban kaka. Idan ya rubuta wa ɗan'uwansa na Kano ko Maraɗi saƙo, mai yiwuwa da boko ne. Mutum ɗaya, rubutu biyu ko uku. Duk manhajar da za ta riƙe sunansa dole ta ɗauki wannan kaya duka.

To, yaya kwamfuta take riƙe rubutu? Ƙwaƙwalwarta, wadda aka fi sani da memori, dogon jeri ne na gurabe masu lamba. Kowane gurbi ana kiransa bayit, kuma abin da zai iya ɗauka shi ne lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, ya ba wa haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu lambobi 128, don haka kowane harafi ya zauna a gurbi guda ba tare da matsi ba. Cikin wannan duniya aka haifi harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970. A harshen C, kalma ko jimla ba komai ba ce illa bayit a bayan bayit, sai a rufe da wani bayit mai ɗauke da sifiri. Wannan sifiri shi ne "tammat" ɗin da magabata ke sawa a ƙarshen rubutun hannu: idan babu shi, mai karatu zai zarce cikin takardar da ke biye yana zaton littafin bai ƙare ba. C ba ya ajiye tsawon kalma a ko'ina. Duk lokacin da aka tambayi tsawonta, sai umarnin strlen ya bi ta gurbi-gurbi har ya iske sifirin.

Daga nan ne mutane suka saba da lissafin cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne. Lissafin ya yi wa Ingilishi daidai, amma bai yi mana ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma shi ne ya mamaye intanet a yau, haruffan ASCII suna nan da bayit ɗai-ɗai, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, kowanne bayit biyu yake ci. Kalmar "ƙasa" alama huɗu ce a ido, bayit biyar ce a na'ura, shida idan aka haɗa da sifirin rufewa. "Ɗanɗano" alama bakwai, bayit tara. Dubi kuma kalmar "'ya'ya". Idan aka buga ta da miƙaƙƙiyar alamar da ke kan madannai, bayit shida ce. Idan aka yi amfani da alamar da Unicode ta tanada a matsayin harafi, ta zama takwas. Idan kuwa manhajar rubutu ta lanƙwasa alamar da kanta, kamar yadda suka saba yi ba tare da neman izini ba, ta koma goma. Mutumin Nijar da ya rubuta "ƴaƴa" alama huɗu ya buga, bayit shida ya ci. Kalma ɗaya ke nan, rubutu huɗu, awo uku. Ga kuma abin da ɗalibin nahawu ya riga ya sani: sh da ts da ƙw sauti ɗai-ɗai ne a wurinmu, amma na'ura biyu-biyu take ganinsu.

Ɗaliban da ke aiki da ƙamus sun fi kowa shiga wannan hali, domin su ne masu sa alamar karin sauti da ta tsawon wasali. "Kasuwa" a rubutun yau da kullum bayit shida ce. A rubutun ƙamus irin na Paul Newman, wato kā̀suwā, ta kai goma, domin kowane ā bayit biyu ne, alamar karin ƙasa da aka ɗora a kan na farko ita ma biyu. Idan madannan da aka yi amfani da su sun raba a da layin da ke kanta, sai ta kai sha biyu. Ido ba zai ga bambanci ba.

Ajami ya fi nan nauyi. Kowane baƙi na Larabci bayit biyu ne, kowane wasali da aka ɗora masa biyu ne, shadda biyu, ɗaurin sukun biyu, ɗigon imala da muke nuna sautin e da shi biyu. Balarabe yana iya rubuta محمد da baƙaƙe huɗu, bayit takwas, ya bar mai karatu ya cika sauran. Da zarar an sa wa sunan wasulansa da shaddarsa ya zama bayit 16. Shi kuwa ajamin Hausa ba ya karantuwa da kyau sai da wasula, saboda haka kullum a wannan babban awo yake tafiya. Wasu haruffan ma sun wuce haka. Fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, waɗanda Unicode ta ba lambobinsu na kansu a 2016, da ƙarin haruffan da aka shigar saboda Hausa da Wolof a 2020, suna wani sashe ne da kowane harafi ke cin bayit uku.

Yanzu a dubi abin da mai koyon C ya fi saurin rubutawa idan aka ce ya ajiye suna:

char suna[20];

Ma'anar wannan layi ita ce an yanka gurabe 20, ba ƙari ba ragi, tun ranar da aka rubuta manhajar, kafin a san wanda zai zo. Sunan Abdulƙadir da boko bayit 11 ne, ya shiga da sarari. Da Larabci, عبد القادر baƙaƙe tara ne da tazara ɗaya, bayit 19, da sifirin rufewa 20 cif. Suna ɗaya daga cikin huɗu ya cinye wurin duka, kuma ba a sa masa wasali ko ɗaya ba. Me zai faru da sauran ukun? Ɗayan biyu ne. Idan mai manhajar ya yi amfani da strcpy, wanda ba ya duba iyaka, sai ragowar sunan ya malala cikin guraben maƙwabta ya taka abin da ke ciki: shekarun haihuwa, lambar gida, ko adireshin da manhajar za ta koma bayan ta gama aiki. Idan kuwa ya yi taka-tsantsan ya yanke sunan a kan iyaka, to ya tsira daga malala amma ya faɗa wani rami. Wuƙar tana iya sauka a tsakiyar harafi. Harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99 a lissafin sha-shida. A yanke Abdulƙadir a gurbi na shida, sai a bar rabin ƙ a tsaye, abin da ba harafi ba ne a kowane harshe, sai allo ya nuna wata alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. Wanda ya taɓa ganin "Æ™asa" a maimakon "ƙasa", ko "É—aki" a maimakon "ɗaki", ya ga ɗan'uwan wannan ciwo: bayit biyun suna nan lafiya, amma an karanta su ɗai-ɗai da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai.

Kada a ɗauki wannan a matsayin wasan masana. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi wanda ya shafi Hausawa kai tsaye, dubban mutane suka bar gidajensu. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, a Disambar wannan shekara ya cinye Wad Madani, babban birnin Jazira, sojoji ba su karɓe shi ba sai a Janairun 2025. Mutumin da ya gudu ba tare da takarda ba, abin da ya rage masa na shaida shi ne sunansa da na iyayensa. A al'ummar da Muhammadu da Abubakar da Usmanu da Fatima suka cika kowane gida, suna na uku da na huɗu su ne ke raba wannan da wancan. Duk rajistar da ta yanke suna a bayit na 20, ko na 30, ta mayar da mutane da yawa mutum ɗaya, kuma ba za ta yi ƙara ba yayin da take yin haka. Na'urar za ta ce an riga an rubuta wannan suna. Mai layi zai koma hannu rabbana.

Maganin da C ya tanada tun da daɗewa shi ne a bari sai sunan ya iso, a auna shi, sannan a nemi wuri daidai da shi. Daidai ruwa daidai tsaki:

size_t tsawo = strlen(shiga);
char *suna = malloc(tsawo + 1);
if (suna == NULL) return -1;
memcpy(suna, shiga, tsawo + 1);

Layi na farko ya ƙirga bayit, ba haruffa ba, kuma a nan hakan ake so. Na biyu ya roƙi wuri daga babban filin da tsarin kwamfuta ke rabawa yayin da manhaja take gudana, ya ƙara ɗaya saboda sifirin rufewa. Wannan ɗayan shi ne aka fi mantawa, kuma mantuwar ba ta cika bayyana nan take ba, sai ranar da tsawon wani suna ya zo daidai bakin abin da aka bayar. Abin da malloc ke mayarwa ba sunan ba ne, manuni ne, wato lambar gurbin da wurin ya fara. Layi na uku ya tambaya ko an samu, domin ana iya hanawa. Na huɗu ya kwafe. Umarnin strdup yana yin wannan aiki duka a dunƙule. Ka'idar da ya kamata a riƙe ita ce ƙirga biyu ne daban: idan wuri ake nema, a ƙirga bayit, idan faɗin allo ake aunawa, a ƙirga abin da ido ke gani. Rikicin yana farawa ne ranar da fom ya ce "haruffa 20" mai manhaja kuma ya ji "bayit 20".

Manomin Jazira ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Ruwa yana tasowa daga Sinnar ta babbar hanya, ya rarrabu zuwa ƙanana, ya shiga wadda ake kira abu ishirin, daga ita ya shiga abu sitta, sannan ya isa hawasha, wato gonar da aka ba manomi. Ba nasa ba ne ruwan. Nema ake yi gwargwadon buƙatar shuka, a buɗe, a sha, a rufe. Wanda ya buɗe ya tafi barci bai rufe ba, gonarsa ta yi ambaliya, na ƙarshen layi kuma ya kwana da ƙishi. Haka memori yake. Kowane malloc yana bin bashin free guda ɗaya. Manhajar da ke karɓa ba ta mayarwa tana yoyo, kuma yoyon ba ya nuna kansa a gwajin minti biyar. Sai ta wuni tana rajista, ta kumbura, ta yi nauyi, a ƙarshe wayar ko kwamfutar ta kashe ta ana tsakiyar aiki.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi yoyo muni, kuma ɗalibin halwa zai fi kowa fahimtarsa. Mutane suna zaton free wanke allo ne. Ba haka ba ne. Mayar da allon ne ga malam ba tare da an wanke ba. Yawancin rubutun yana nan a kai, manunin da ke hannunka yana nan yana nuna wurin, don haka idan ka leƙa za ka iya ganin karatunka ka zaci har yanzu naka ne. Amma malam ya riga ya sa allon a layin waɗanda za a ba wani. Gobe ka leƙa ka karanto darasin wani, ko ka yi rubutu a kan nasa. Shi ya sa masu hankali suke mayar da manuni NULL da zarar sun sake shi. Mayar da allo ɗaya sau biyu kuwa yana sa malam ya ba yara biyu allo guda.

Inda abin ya fi daɗin nazari shi ne ƙunshin bayanai, wanda C ke kira struct. A ce ɗalibai a Wad Madani ko Sinnar suna son tattara kalmomin Hausar ƙauyukansu, irin su hawasha da kambo da suka shigo daga bakin maƙwabta, kowace kalma da bokonta da ajaminta da fassararta ta Larabci da jam'inta:

struct shigarwa {
    char *boko;
    char *ajami;
    char *larabci;
    char **jam_i;
    size_t adadi;
};

A yawancin kwamfutocin yau wannan ƙunshi bayit 40 ne, ko kalmar gajeriya ce ko doguwa, domin abin da ke cikinsa manunai huɗu ne da lamba ɗaya, kowanne bayit takwas. Wanda ya nemi wuri wa ƙunshin ya samu ɗaki ne mai ƙusoshin rataye kaya, bai samu kayan ba. Boko sai an nema masa nasa wuri, ajami nasa, fassara nata. Wajen mayarwa kuma daga ciki ake farowa: a saki kowane jam'i, a saki jerin da ya riƙe su, a saki sauran ukun, sannan a saki ƙunshin. Wanda ya fara da sakin ƙunshin ya jefar da takardar da adireshin sauran ke ciki. Haka nan wanda ya kwafi ƙunshi da alamar daidai kawai, manunai ya kwafa, kalmomin suna nan guda. Ya saki ɗaya, ɗayan ya zama mai nuna allon da aka mayar.

Me ya sa jam'i ya zo da taurari biyu? Saboda Hausa ce. Turanci yana iya wadatuwa da gurbi ɗaya na jam'i a mafi yawan kalmominsa. Mu kuwa doki yana da dawaki da dawakai, littafi yana da littattafai da littafai, kuma duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya san kalma ɗaya tana iya jan jam'i uku ko fiye gwargwadon gari. Ba wanda ya san adadin da za a tarar a bakin tsofaffin Mai Wurno sai an je an tambaya. Don haka jerin dole ya iya girma, kuma realloc ne ke faɗaɗa shi. Shi ma yana da tarkonsa. Yana iya ɗauke kayan duka ya kai wani wuri, tsofaffin manunai su zama na banza. Idan kuma ya kasa, NULL yake mayarwa ya bar tsohon wurin yadda yake, saboda haka wanda ya zuba amsarsa kai tsaye a kan tsohon manuni ya rasa hanyar komawa ga kayansa. A karɓi amsar a wani manuni na wucin gadi, a duba, sannan a maye.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da maganganu, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko za su ce: kai da bakinka ka lissafa haɗurran malloc, to me ya sa za a bar gurbi tsayayye a shiga daji? Gaskiya ne akwai wuraren da aka hana rabon memori yayin gudana. Ka'idojin MISRA da masu kera motoci ke bi sun hana, haka ma ƙa'idoji goma da Gerard Holzmann na hukumar NASA ya wallafa a 2006 sun hana shi bayan manhaja ta gama tashi. Amma waɗannan mutane sun san girman kayansu tun farko: zafin inji lamba ce, saurin taya lamba ce. Sunan ɗan Adam ba haka yake ba. Kuma gurbi tsayayye bai taɓa zama mafaka ba. Tsutsar Morris da ta durƙusar da dubban kwamfutoci a Nuwambar 1988 ta bi ta kan gurbi tsayayye ne da umarnin gets ya cika har ya malala, kuma sai a ƙa'idar C ta 2011 aka cire wannan umarni daga harshen. Idan dole ta sa a yi iyaka, kamar a ƙaramar na'urar da memorinta bai taka kara ya karya ba, to a yi ta da faɗi bisa awon ajami mai wasula, kuma idan suna ya wuce ta manhajar ta tsaya ta faɗa wa ma'aikaci. Ƙin karɓa a fili ana iya gyara shi a teburin rajista. Yankewa a ɓoye ba a gano ta sai an zo rabo.

Na biyu za su ce a bar C gaba ɗaya, a koma Python ko Java ko Rust, waɗanda ke kula da memori da kansu ko su hana kuskuren tun wajen rubutu. A wannan ina tare da su fiye da rabi. Kamfanin Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaro da yake toshewa a kayansa daga kuskuren memori suke, kuma ramin Heartbleed na 2014 ya nuna yadda karanta abin da ya wuce iyakar gurbi zai iya fallasa asirin miliyoyin mutane. Wanda zai fara sabuwar manhajar rajista ko ƙamus a yau ba shi da dalilin zaɓar C sai da larura. Sai dai canza harshe ba ya kawar da tambayar, ɓoye ta yake yi. Babbar manhajar da ke gudanar da Python da C aka rubuta ta. SQLite, wadda ke riƙe bayanai a kusan kowace wayar Android, da C aka rubuta ta. Zuciyar Linux ma haka. Kuma a kowane harshe akwai ranar da rubutu zai fita zuwa fayil, ko ma'ajiyar bayanai, ko na'urar buga kati, inda wani ya riga ya sa iyaka da bayit. Wanda bai san ƙ biyu take ci ba zai yi mamaki a can ma.

Na uku shi ne mafi gaskiya, kuma shi ne asalin ɗabi'ar sauke ƙugiya. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar alama 160 idan duk haruffan suna cikin jerin GSM. Da zarar ƙ ɗaya ko harafin Larabci ɗaya ya shiga, sai saƙon duka ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, kuɗi ya ninka. Talaka da ya sauke ƙugiya don ya rage kuɗin kati ba a ga laifinsa ba. Amma wannan larura ce ta wata tsohuwar hanya, ba hukunci ba ne a kan harshe. Haruffan nan masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da sai an zuba dalma an ƙera kowane harafi kafin a buga shi. Abin kunya ne a ce na'urar da ke ɗaukar bidiyon awa guda ta gaza da ƙarin bayit ɗaya.

A nan ne aikin ɗalibin Hausa ya shigo. Mai rubuta manhaja, ko a Jami'ar Jazira ya yi karatu ko a Bayero, yana gwada aikinsa ne da kalmomin da suka zo masa a rai, kuma sau da yawa "Ali" da "Musa" ne, waɗanda ba za su taɓa tona asirin kowane kuskure ba. Kai ne ka san kalmomin da za su tona. Ba shi "ɗanɗano" da "ɓarɓashi". Ba shi "'ya'ya" da dukan alamominta uku, da "ƴaƴa" ta Nijar. Ba shi kā̀suwā da alamominta, da layi guda na ajami mai cikakkun wasula da imala, da suna huɗu irin na takardun Sudan wanda kowannensu ya kai tsawon Abdulƙadir. Ka ce ya shigar, ya ajiye, ya rufe manhajar, ya buɗe, ya nemo, ya buga a takarda. Ka ce ya gudanar da ita ƙarƙashin Valgrind ko AddressSanitizer, waɗanda ke kama malala da yoyo da leƙen allon da aka mayar, ya nuna maka sakamakon. Idan ya ce dole a taƙaita rubutu don ya shiga allo, ka tambaye shi a ina wuƙarsa ke sauka. A UTF-8 duk bayit ɗin da ke tsakanin 80 da BF ci gaban harafi ne, ba farkonsa ba, don haka sai a ja da baya har a fita daga cikinsu. Ko bayan haka da saura, domin wasalin ajami da alamar karin sauti haruffa ne masu zaman kansu a idon na'ura, ana iya yanke su a bar baƙin tsirara ba tare da ta ga laifi ba.

Daga nan sai ka ce ya jera kalmomin bisa abacada. Idan da strcmp ya yi, lambobin bayit zai bi, sai ka tarar da ƙ da ɓ da ɗ duk sun koma bayan z, kuma ƙ ce a gaba saboda C6 ya riga C9. "Ɓarawo" zai yi nisa da "bara", "ɗaki" zai rabu da "daka" da tsawon ƙamus guda. Wannan kam malloc ba shi da abin cewa a kai. Sai an zauna an rubuta wa na'urar cewa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, a kuma yanke shawarar inda sh da ts da 'y za su zauna, abin da masu ƙamus ɗinmu kansu ba su bi hanya ɗaya a kai ba.